Baffa da Ƙarshen Fim ɗin da Ruwa Ya Katse

Ni ɗan fari ne, kuma a gidan Fulanin da suka ajiye yawo suka kama noma a gefen Gafasa aka haife ni. Wanda ya san abin da wannan yake nufi ba sai na yi masa dogon bayani ba. Wanda bai sani ba kuwa, ga shi a taƙaice: tun daga ranar da aka raɗa mini suna har mahaifina ya koma ga Allah, ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakinsa ba. Shi ya zaɓe shi, shi ya yanka rago, sannan ya kulle bakinsa a kansa. Kunyar ɗan fari ke nan. Innata ma haka take, har ta fi shi, don ita ko kallona ba ta yi in da mutane a wurin. A ɗakin kakata na girma, ita ta goya ni, ita ta shagwaɓa ni, ita ce kuma take kiran sunana har da kirari.

Baffa muke ce masa. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma in dai yana zaune to hannunsa yana kan tufkar igiya. Idan yana da magana da ni sai ya nemi ƙanena, ko bango, ko duk wanda tsautsayi ya kawo kusa, ya ce a gaya wa wancan ya kai garma gonar fadama. Alhali ina tsaye daf da shi, in na miƙa hannu zan taɓa rigarsa. Shi kuwa ƙanen nawa, sunansa har ya gaji da fitowa daga bakin Baffa. A kan cinyarsa yake cin ƙosai ran kasuwa, yana kallona yana lashe yatsa.

In na ce abin yana ci mini rai a lokacin, na yi ƙarya. Muna da hanyar da muke jin juna. Ranar sunana Baffa ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a gidanmu, kuma daga zuriyarta aka sami wani jan bijimi mai farin goshi wanda ya taso tare da samartakata. Wannan bijimin shi ne wakilina a bakin Baffa. In na kwana da zazzaɓi, da sassafe zai tsaya a turke ya ɗaga murya ya ce jan bijimin nan kamar bai ji daɗin jikinsa ba, a duba shi. Bijimi kuwa yana tsaye yana tuƙa, lafiyarsa ƙalau. Sai ka ga kakata ta fito da jiƙo ta nufo ni. In na yi aikin kirki a gona, bijimin ne zai sha shafa a wuya, a ƙara masa kanwa. In na yi laifi, shi za a tsaya a kai a yi ta yi wa faɗa, wai ya fara taurin kai, wai yana nema ya fi ƙarfin igiyarsa. Duk gidan an gane yaren, har yara suna tsokanata suna yi mini kukan shanu in na wuce. Ni ma na iya. In takalmina ya mutu sai in ce wa ƙanena kofaton bijimi ya tsage, ran kasuwar Gaya sai ga takalmi a ƙofar ɗakin kaka, ba wanda ya ga wanda ya ajiye.

Haka muke zaune lafiya har shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Da farkon daminar nan bakin garmarmu ya karye, aka aike ni birnin Kano in sayo wani. Ina da ɗan goggo, karen mota ne a wata babbar mota mai jigila daga Gaya, shi na bi. Shi ne kuma ya ja ni silima. Kafin nan abin da na sani majigi ne, wanda ake kawowa Gaya a kafa farin ƙyalle a nuna mana yadda ake zuba takin zamani da yadda ake wanke hannu, kamar dai kafin zuwansu da ƙafa muke cin tuwo. Silima kuwa a wurinmu matattarar 'yan iska ce. Na shiga ina rufe fuska da hula, ina jin kamar duk mutanen Gafasa suna zaune a bayana.

Wurin ba rufi, fili ne da benci da katanga. Fim ɗin na Indiya ne, ba na jin ko kalma ɗaya, sai wani mutum a gefena da ya gan shi sau da yawa yana fassara wa duk wanda ke kusa ba tare da an tambaye shi ba. Labarin wani dattijo ne mai gasa burodi, yana da 'ya'ya maza biyu. A unguwarsu akwai 'yan daba, da ubangidansu wani mai ƙaton ciki da zobba a yatsu, wanda 'yan kallo suke kira bos. Bos ɗin yana da ɗan ƙaramin ɗa da yake ji da shi, ana yawan nuna shi yana wasa da motar roba a tsakar gida. 'Yan dabar suka nemi babban ɗan mai burodi ya riƙa ɓoye musu kayan sata a cikin kwandon burodi, ya ƙi. Suka kashe shi, suka yar da gawar a ƙofar gidan ubansa.

Abin da ya biyo baya shi ya sauya ni. Dattijon nan ya fito, ya durƙusa a tsakiyar titi, ya rungume gawar a ƙirjinsa, ya yi ta kiran sunan yaron. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a gaban duk mutanen unguwa, yana kuka da majina. Wannan ce kaɗai kalmar da na gane a duk fim ɗin, don ba ta bukatar tafinta. Da farko kunya ce ta kama ni, na sunkuyar da kai kamar na ga babba yana wanka. Daga baya na tambayi mai fassara ko wannan ɗan fari ne, ya dube ni kamar mahaukaci ya ce eh mana, ba ka ga shi ne babba ba.

Dattijo ya rufe tandarsa, ya fara bin 'yan daba ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka, ya kusa isa gidan bos, sai hadari ya taso daga gabas. Kafin ka ce kwabo ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, haske ya ɗauke, mutane suka watse suna zagin mai injin. Mai fassara ya ɓace a cikin gudu. Na koma gida da bakin garma da labarin da ba shi da ƙarshe.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci samari suka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, suka ce sai na ba su labarin birni. Baffa yana gefe a kan buzunsa, ya ba mu baya, yana tufka. Saboda shi na ce wai wani ne ya shiga silima ya ba ni labari, kowa kuma ya yi kamar ya yarda. Na ba da labarin da hannu da ƙafa. Da na zo wurin kiran suna na ja shi da tsawo, na ɗan ɗaga murya, hannunka-mai-sanda nake yi. Bayan Baffa bai motsa ba. Da na zo inda ruwa ya katse, ganin kowa ya buɗe baki yana jira, sai na ƙera ƙarshen da kaina. Na ce dattijo ya shiga gidan bos ya gama da shi, ya fito mutanen unguwa suna yi masa guɗa, ya koma ya buɗe tandarsa. Samari suka ce madalla, ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Sai Baffa ya yi gyaran murya, bai juyo ba, ya ce da ƙanena, "Tambayi wanda aka ba labarin, shi mai zobban ba shi da ɗa?"

Na ce a gaya masa yana da shi, amma ƙarami ne, wasa yake da motar roba.

"To ai ba a nan ya ƙare ba," in ji Baffa. Ya tofa wa rama yawu ya ci gaba da murzawa a cinyarsa.

Aka kwashe da dariya, wai mutumin da ko majigi bai taɓa tsayawa ya gani ba shi zai gyara wa Indiyawa labarinsu. Ni ma na yi dariyar, amma ta ciki na ciki. Na ji haushin yadda ya kama ni a ƙarya, na kuma fi jin haushin cewa duk labarin nan, abin da ya tsaya masa a rai ɗan bos ne, ba kiran suna ba. Tun daga ranar yaren bijimi ya fara yi mini ɗaci a kunne. In ya tsaya a turke yana tambayar lafiyar dabba sai in ce a raina, wani uban a tsakiyar titi yake kiran ɗansa, ni kuwa an haɗa ni da mai cin harawa.

Shekarar da ta biyo baya aka yi fari, wanda duk mai shekaruna ba ya so a tuna masa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. A ranin nan kakata ta rasu, na rasa mai kiran sunana da kirari, na kuma rasa mai fitowa da jiƙo in Baffa ya yi magana a turke. Muka shiga sayar da shanu muna sayen hatsi. Baffa ya sayar da nasa, ya sayar da na Inna, ya sayar da na ƙanena, jan bijimi yana nan a turkensa ana tsinto masa ganye. Sai da rumbu ya nuna ƙasa sannan ya ce a gaya wa wancan ya kai shi kasuwar Gaya. Amma ya yanka farashin da ko a shekarar ƙoshi ba wanda zai saya, ya ce in bai kai haka ba a dawo da shi. Dillalai suka yi ta yi mini dariya, wani ya tambaye ni ko ƙahon na zinariya ne. A lokacin na ɗauka rashin sanin kasuwa ne irin na Baffa.

Da la'asar na juyo da bijimina, ni kaɗai, don abokan tafiyata sun tsaya jiran awo. A wani kwari mai duhuwar bishiyoyi mutane suka fito mini, da alama tun daga kasuwa suke bi na. Da na saki igiyar da ba abin da zai same ni. Ban saki ba. Suka buga mini gora a hannu, suka ƙara mini a ka. Matan da suka dawo daga tallan nono ne suka tsince ni, aka ɗoro ni a jaki zuwa gida.

A tsohon ɗakin kaka aka kwantar da ni, goggona tana jinyata, mai ɗori ya zo ya ja hannun har na suma. Inna tana ta kai da kawowa a tsakar gida, ba ta da ikon shigowa. Baffa ma bai shigo ba. Kashegari da sassafe na ji takunsa ya nufi turke, turken da babu komai a kansa sai guntun igiya. Ya tsaya, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba, sai dai muryar tana rawa.

"Jan bijimin nan fa, zai tashi kuwa?"

Na san abin da yake tambaya. Jaririn gidanmu ma ya sani. Amma kaina yana sarawa, hannuna kamar ana hura masa wuta, kuma dattijon nan mai burodi yana durƙushe a idona. Sai na ji bakina ya buɗe, na ba shi amsa kai tsaye daga cikin ɗaki, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Bijimi ya tafi, Baffa. Mutum ne a kwance."

Taɓaryar Inna ta tsaya. Goggo ta rufe bakinta da gefen zane. Na saurara ko zai ce wani abu, sai na ji takunsa ya koma zaure a hankali. Daga ranar bai sake yin magana a turke ba.

Da hantsi ƙanen Baffa ya tara samarin dangi, kowa da kwari da baka, wasu da adda. An san waɗanda suka yi aikin. Shugabansu wani mutum ne a wani ƙauye can gabas, wanda kowa ya san sana'arsa amma ake gaishe shi a kasuwa da ladabi. Ina kwance ina jin hayaniyarsu, zuciyata ta yi fari. Na ce yau zan ga abin da ruwa ya hana ni gani, yau Baffa zai shige gaba. Kiran suna dai ya gagara, to bari in ga fansa.

Abin da Baffa ya yi shi ne ya zauna a bakin ƙofar zaure ya miƙe ƙafafunsa suka tare hanya, ya ce duk mai son fita sai ya tsallake shi. Ya ce an sace dabba, an kai ƙara wurin dagaci, magana ta ƙare. Ƙanensa ya fusata ya ce wace dabba, ɗanka aka fasa wa kai, ɗanka na cikinka. Goggo ta ce da aka faɗi haka Baffa ya sunkuyar da kai, amma bai janye ƙafa ba. Ba wanda ya iya tsallake shi. Samari suka watse suna gunaguni, wasu suna cewa tsoro ne, wasu suna cewa fulako ne ya yi masa yawa har ya zama cuta. Ƙarar kuwa ta bi ruwa, ba a ga bijimi ba, ba a kama kowa ba.

Ni dai na yanke hukuncina a kan tabarmar jinya. Na ce uban da ba ya iya kiran sunanka, ba ya iya shigowa ya dube ka, ba ya kuma iya barin wasu su rama maka, to me ya rage? Na yi fushi irin na ƙuruciya, wanda ba ya bari a yi masa bayani. Ba kuma wanda ya yi ƙoƙarin yi, don kakata, mai yin, ta riga ta kwanta dama.

Hannun ya warke a karkace, ba ya iya riƙe garma. Da wannan hujjar na koma Gaya na koyi ɗinki. Hujja ce ta gaskiya, amma ba ita kaɗai ta kore ni ba. Tsakanin Gaya da gidanmu ba wata tafiya ba ce, mai keke yana zuwa ya dawo a yini, amma sai in yi watanni ban leƙa ba. In na je da salla zan durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa wa iska, shi ke nan. Babu bijimin da za a tambaya, ni kuma na riga na rushe hanyar. Daga baya ƙanena ya tafi makaranta nesa, sai ya zamana ko ɗan aike ba mu da shi. Mu biyu muka zama kamar maƙwabtan da aka toshe musu ƙofar da ke tsakaninsu.

Na yi aure a Gaya, Allah ya ba mu 'ya mace. Na sha rantsuwa cewa ni in na haihu, a tsakiyar kasuwa zan riƙa kiran ɗan farina da sunansa, kowa ya ji. Ranar suna na buɗe baki, harshe ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Sai ga ni ina tambayar uwarta ko yarinyar nan ta sha nono. Matata, wadda ta san labarin rantsuwar, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yarinyar tana da kamar shekara uku na shiga birni sayen zare da allurar keken ɗinki. Ina wucewa ta ƙofar silimar nan sai na ga hoton dattijo mai burodi a jikin allo, an dawo da fim ɗin. Na ƙi bin motar yamma, na shiga. Wannan karon rani ne, ba hadari. Dattijo ya shiga gidan bos ya kashe shi, kamar yadda na ƙera a gindin tsamiya, har na fara jin daɗi. Amma ba a yi guɗa ba. Sai aka nuno yaron nan mai motar roba a laɓe a bayan labule, ya ga komai. Aka tsallake shekaru, yaro ya zama saurayi, dattijo ya fito daga kurkuku ya koma wurin ɗansa guda da ya rage. Abin da aka rufe da shi, dattijon ne durƙushe a ƙofar gidan nan dai, da gawar ɗansa na biyu a ƙirjinsa. Bakinsa yana motsi amma suna ya ƙi fita.

Mutane suka tashi suna tsaki, wai fim bai yi daɗi ba. Ni na kasa tashi. Na ga Baffa a bakin zaure da ƙafafunsa a miƙe. Wato tun a gindin tsamiya ya riga ya ga inda irin wannan hanya take ɓullewa, kuma ya san in samari suka je suka zubar da jini, ba a kan ƙanensa za a dawo ba, ba a kansa ba, a kan ɗan fari za a dawo. Ya zaɓi a kira shi matsoraci a garinsu. Na tuna farashin da ya yanka wa bijimi. Na tuna yadda muryarsa ta yi rawa a turke. Baƙin ciki ya rufe ni, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa.

Na ƙudura zan gaya masa ya yi gaskiya. Amma ta ina? Ɗan fari ba ya zama gaban ubansa ya ce masa ga yadda abu ya ƙare. Sau ɗaya na taɓa yi masa magana kai tsaye, na kuwa ga abin da ta haifar. Na yi ta jiran hanya, ina cewa in ƙanena ya zo hutu, in salla ta zo, in an yi girbi.

Wata ranar kasuwa sai ga shi a gidana, karo na farko tun da na koma Gaya. Ya rame, yana tari, wai magani ya zo nema. Shagona yana jikin zaure ne, asabari kawai ya raba su. Na fito na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa bango, na koma kan keke. Matata ta kawo masa fura, yarinyar ta biyo ta. Tsakanin kaka da jika kuwa ba kunya, sai wasa. Nan da nan ya ɗora ta a cinya yana ce mata amaryarsa, wai ta yi masa rowar fura, wai zai sake ta ya auri wata mai haƙora.

Da yake gidanmu yana kusa da kasuwa, uwarta ta koya mata in ta ɓata aka tambaye ta, ta faɗi sunan ubanta da sana'arsa. Ban san yadda Baffa ya gano haka ba. Ina cikin taka keke na ji ya ce, "Ke amarya, 'yar gidan wa ce? Wane ne ubanki?"

Ta faɗi sunana, da muryar nan tata mai tsami, ta ƙara da tela.

"Kunnena ya tsufa. Sake faɗa."

Ta sake. Ƙafata ta tsaya a kan keke. Ya ce bai ji ba, ta matso kusa. Ta faɗa masa a kunne. Ya ce wannan kunnen ai shi ne mataccen, ta zagayo ɗayan. Mutumin nan da yake jin motsin maraƙi daga bayan gari, ya zauna yana sa yarinya tana ta maimaita sunan da ya raɗa mini da bakinsa, har ta gaji ta ƙwala shi da ƙarfi ta ce ita ba za ta ƙara ba. Na ji ya yi dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta koma tari. Ni ina bayan asabari, rigar wani a hannuna, hawaye yana ɗiga a kanta.

Da ya huta sai ya ce da ita, "Je ki tambayi telan nan, labarin mai burodin nan, an taɓa jin ƙarshensa kuwa?"

Ta ɗaga asabari ta shigo ta ce wai mijinta yana son burodi. Ga hanya Allah ya kawo, ga 'yar aike ya samo mana da kansa. Amma na san in na buɗe baki kuka ne zai fito, kuma ba zan iya bari ya ji ba. Da ƙyar na ce ta gaya masa an ji, amma dogo ne, sai kasuwa mai zuwa. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ya shanye furarsa, ya ɗauki sandarsa ya tafi neman mota.

Kasuwa ta zagayo. Na rufe keke tun da hantsi, na shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, na sa aka yi wa yarinyar wanka, na sayo burodi don mu yi dariya. Wanda ya yi sallama ƙanen Baffa ne. Ya ce tun kwana uku Baffa yake kwance, jiya kuma magana ta ɗauke.

Na same shi a ɗakinsa, ɗakin da ban taɓa shiga ba sai ranar. Goggo tana zaune a gefensa tana yi masa fifita, idonsa a rufe, numfashi yana fita da ƙyar. Na zauna daga bakin ƙofa. Yarinyar ba ta tare da ni, don haka na juya na fuskanci bango, kamar yadda ya yi mini shekara da shekaru. Na ce a gaya wa mai tufka, wanda aka ba labarin nan ya je ya gani da idonsa. Mai zobba yana da ɗa, yaron ya girma, kuma ba a nan ya ƙare ba. Na ce a gaya masa jan bijimi ya tashi, yana cin abincinsa, kuma ya san wanda ya tare ƙofa.

Kafin azahar ta kashegari ya cika. Har yau ban san ko ya ji ba. Goggo ta rantse mini cewa lokacin da nake maganar ta ga yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa kamar mai murza rama. Ni dai ban gani ba, don bango nake kallo.